Manoman Yatenga da Rumbun Tsiminsu

Jama'a, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya tashi a karkara ya san watan Agusta. Ruwa na zuba, gona ta yi kore shar, gero ya fara fitar da kai, amma rumbu ya kai ƙasa. Daidai lokacin da manomi ya fi buƙatar ƙarfin riƙe fartanya, a lokacin ne tuwo ke komawa sau ɗaya a yini. Hatsin da ya sayar da araha da kaka don biyan bashi, shi zai koma nema da tsada a hannun ɗan kasuwa, in ma ya same shi.

Yau za mu leƙa arewacin Burkina Faso, yankin Yatenga, ƙasar ƙabilar Mosi, inda manoma suka haɗa kai don maganin wannan wata. Sunan ƙungiyoyinsu Naam, hedikwatar tarayyarsu kuma tana garin Wahiguya.

Labarin ya faro ne da wani malamin makaranta, Bernard Lédéa Ouédraogo, wanda aka haifa a 1930 a yankin Gursi. Bayan samun 'yancin kai a 1960, lokacin ana kiran ƙasar Haute-Volta, ya koma aikin ilimantar da matasan karkara. Gwamnati na ta kafa ƙungiyoyin gama-kai a ƙauyuka, ana rubuta sunaye, ana raba garma da bashi. Da zarar jami'i ya juya baya, sai ƙungiya ta watse. Mutane sun shiga ne don kayan da ake rabawa, ba su taɓa jin cewa abin nasu ba ne.

Malam Bernard bai tsaya zargin manoma da taurin kai ba. Ya koma cikin ƙauyukan, ya zauna da dattawa, yana tambayar wace irin haɗaka ce ta daɗe a nan ba tare da wani ya kawo ta ba. Amsar tana gabansa tun yana yaro: kombi-naam. Samari da 'yan matan ƙauye ne ke haɗuwa da damina, su zaɓi shugabanninsu, su bi gonakin mutane suna noma. Abin da aka ba su, gero ne ko gyaɗa, sai su tara, a yi shagali da shi bayan kaka. A cikin wannan taro ɗan sarauta da ɗan maƙeri duk ɗaya suke, kowa da fartanyarsa. Bahaushe zai gane abin nan take, domin ɗan'uwan gayya ne.

A 1967 ya fara gina sababbin ƙungiyoyi a kan wannan tushe. Abin da ya sauya kaɗan ne, amma shi ne komai. Aikin ya daina tsayawa da ƙarewar damina, manya sun shigo, abin da aka tara kuma ya daina ƙarewa a biki, ya koma rijiya da garma da rumbu. Takensa shi ne a kawo ci gaba ba tare da an lalata abin da aka tarar ba.

Ba a daɗe ba fari ya afka wa Sahel, wanda ya tsananta a 1973 da 1974. Dabbobi suka mutu, rijiyoyi suka ƙafe, majiya ƙarfi suka yi ta kwarara cirani zuwa gonakin koko da kofi na Kodebuwa. A 1976 Malam Bernard da wani Bafaranshe, Bernard Lecomte, suka kafa wata ƙungiyar tallafi da ake kira Six-S, wadda ma'anar sunanta ita ce a ci moriyar rani a ƙasashen Sahel. Watanni bakwai ko takwas manomi yana zaune babu ruwan sama, to me zai hana a yi aiki da su? Kuɗin da suka samo daga masu ba da agaji na Turai ba a ɗaure shi da wani aiki tun daga can ba. Manoman ne ke zama su yanke inda za a sa shi, ƙungiyar da ta yi ƙarfi kuma sai tallafinta ya koma rance. Irin wannan amana ba kasafai mai kuɗi ke ba talaka ita ba, kuma a ganina ita ce ta sa abin ya kama ƙasa.

Da rani sai ƙauye ya fito kwansa da kwarkwatarsa. Mata na jido duwatsu a ka, maza na jera su layi-layi a gona, ana auna gangaren ƙasa da siririn tiyo mai ruwa a ciki, don ruwan sama ya tsaya ya nitse maimakon ya kwashe ƙasa ya wuce. An gina ƙananan madatsai da hannu. A gefensu aka buɗe lambuna, har Wahiguya da Titawo suka yi suna da dankalin turawa. Injin niƙa ma da tsarinsa: ƙauyen da aka ba inji zai riƙa tara kuɗin niƙa har su isa a saya wa wani ƙauye nasa, ana kiran na biyun 'yar na farko.

A wannan yanki ne kuma manoma irin su Yacouba Sawadogo suka farfaɗo da zai. Rami ne ake haƙawa da rani a ƙasar da ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, faɗinsa kamar taƙi ɗaya, a zuba taki cikin tafin hannu biyu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ramin, sai gero ya tsiro a inda aka yanke ƙauna. A 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar sun je Yatenga sun gani da idonsu, suka koma gida suka inganta tasu dabarar da suke kira tassa.

Mu dawo kan rumbun tsimi, wato rumbun ƙauye da ake tara hatsi da kaka don a sayar wa mutanen gari da damina, domin nan ne abincin ke isa tukunya.

Rumbunan farko da aka gina bayan fari da yawa sun durƙushe, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. An riƙa ba da hatsi bashi. Mai riƙe da makulli ɗan garin ne, wanda ke neman bashin kawunsa ne ko surukinsa, yaya zai hana shi? Kaka ta yi, ba a biya ba, jari ya narke. A farkon shekarun 2000 tarayyar Naam ta sake lale, tare da tallafin ƙungiyar SOS Faim ta Beljiyam. Yanzu tarayya ce ke ba kwamitin ƙauye rance a kan lokaci, su sayi gero da dawa da masara da wake tun suna da sauƙi, wani lokaci daga kudu da yammacin ƙasar inda damina ta fi albarka. Sayarwa kuɗi hannu, da 'yar riba kaɗan da za ta biya rancen. Kwamitoci da dama mata ne ke riƙe da su, kuma hakan ya dace, don su ne suka san abin da ya rage a gida.

Ku dubi ranar da aka buɗe rumbun. Ɗaki ne guda mai rufin kwano, buhuna a jere a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Mace ɗaya na awo, wata na rubutawa a littafi. Ga wata uwa ta iso da goyo, ta kwance bakin zaninta ta ƙirga 'yan kuɗin da ta samu a sayar da ƙuli-ƙuli. Kwano biyu kawai take so. An auna mata, ta juya gida da ƙafa, kafin azahar ta surfa. Ba don rumbun ba, da sai mijinta ya bar noma yini guda ya tafi kasuwa mai nisa a kan keke, cikin laka, ya kuma nemi kuɗin da zai sayo da yawa a tashi ɗaya. Masu bincike daga jami'ar Namur ta Beljiyam sun kwatanta ƙauyukan da ke da irin wannan rumbu da waɗanda ba su da shi, suka tarar jikin mutane, har da yara, ya fi murmurewa a inda rumbun yake.

Bisa ƙididdigar tarayyar, ƙungiyoyin Naam sun haura 5,000, mambobinsu sun wuce 600,000, kuma mata sun fi rabi. Suna da gidan rediyonsu a Wahiguya, Muryar Manomi, wanda ke magana da mutane da harsunansu. Malam Bernard ya karɓi kyautar Right Livelihood, lambar yabo ta duniya da ake bayarwa a Suwidin, a 1990, ya kuma rasu a 2017.

Abin da ke ci mini rai shi ne halin da yankin ya shiga a 'yan shekarun nan. Hare-haren masu ɗauke da makamai sun tashi ƙauyuka da dama a arewacin Burkina Faso. An datse hanyar Titawo, har ta kai abinci ba ya shiga sai da rakiyar sojoji. Wahiguya ta cika da 'yan gudun hijira, kuma mafi yawansu manoma ne, mutanen da suka jera duwatsun nan da hannunsu, suka haƙa ramukan zai, yau ga su a bakin gari suna jiran a auna musu hatsi.