Abin da ke sa manya gudun allurar insulin

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. An ce in yi magana kan abin da ke sa manya masu ciwon suga ja da baya idan likita ya ce lokacin allura ya yi. Dalilai huɗu na rubuto, in mai gabatarwa ya bar ni na kai ƙarshensu.

Na farko tsoron allurar kanta, kuma ba zan daɗe a kai ba. Bakin allurar yanzu akwai mai tsawon milimita 4, bai kai ƙwayar shinkafa ba, a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya ake yin ta. Ƙato mai gemu, wanzami ya tsaga masa baya ya kafa ƙaho bai ce uffan ba, amma ya ga wannan 'yar aba sai ya ce bari ya je ya yi shawara da iyali. (Dariya.) Masu cewa a ba su ita a ƙwaya kuwa, ciki narkar da ita yake yi kamar nama, shi ya sa dole sai allura.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Za ka ji an ce, "Ai Alhaji wane lafiyarsa ƙalau, ana fara masa allura bai yi wata uku ba ya rasu." Jama'a, ina da tambaya. Duk inda ka ga motar 'yan kwana-kwana za ka tarar da gobara, ko? To su suka kunna wutar? Alhajin nan shekara nawa likita yana roƙonsa ya fara, yana cewa a ƙara masa ƙwaya, yana shan jiƙon ganyaye? Sai da ƙoda ta taɓu, ido ya dushe, gyambo ya ƙi warkewa a ƙafa, sannan aka kawo shi ranga-ranga aka fara allurar. Da rai ya yi halinsa sai aka ɗora wa allura laifi. Maƙwabcinsa ya ji, shi ma ya ƙi, ya jinkirta, a kawo shi a makare, labarin ya ƙara ƙarfi. Haka abin yake ta zagayawa a unguwa.

Ku gane, ciwon suga irin na manya tafiya yake yi. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, fankiriyas muke ce mata, ita ke yin insulin, sinadarin da ke rage suga a jini. Shekara na tafiya tana gajiya. Cikin ƙwayoyin suga, metformin taimaka wa jiki yake ya amfana da wanda ake da shi, glibenclamide kuma matsa wa gaɓar yake ta ƙara fitarwa. To in rijiya ta ƙafe, yawan guga me zai yi? Wani ya kiyaye tuwo, ya bar lemon kwalba, duk da haka ranar ta zo. Kada ya ce ya gaza, kada kuma mu likitoci mu riƙa yi wa mutane barazana da ita, "in ba ka kiyaye ba zan sa maka allura", kamar bulala. Mu ma da namu laifin a nan, wallahi.

Allurar nan ma a 1922 a Toronto ta Kanada aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, yana bakin mutuwa, ya ƙara shekara 13 a duniya. Na ce motar kwana-kwana ce, ku riƙe wannan.

Na nawa nake? Na uku ko na huɗu, oho. Faɗuwar suga bayan allura gaskiya ce: gumi, rawar jiki, yunwa. In na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 70, a sha cokalin shayi 3 na suga a ruwa, sannan a ci abinci. Kuɗi ma gaskiya ne, tana da tsada, ba zan ɓoye muku ba. Masu tsoron ta lalace don rashin wutar firji kuma, kwalbar da aka buɗe tana kai kimanin kwana 28 in ba ta sha zafi ba. A ƙulle ta a leda a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

Na'am, Hajiya? A miƙa mata abin magana.

(Wata dattijuwa ta ce ta ji da alade ake haɗa ta.)

Yawwa, Hajiya, Allah ya saka da alheri, da yawa suna da wannan a zuci ba sa faɗa. A da can, gaskiya ne, daga jikin shanu da aladu ake samo ta. Amma tun 1982 aka fara sayar da wadda ake haɗawa a masana'anta da ƙwayoyin halitta irin su yis, siffarta irin ta jikin ɗan Adam, kuma irinta ce yanzu ta cika kasuwa. In kwalbarki tana cikin jaka, kawo mu karanta jikinta tare bayan an tashi. Ga ladan can ya fara gyaran murya.