Bayan Guguwa: Yadda Amurka Ke Tallafa wa Manoma da Masu Dajin Katako

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, na gode da wannan dama.

Ranar 10 ga Oktoban 2018 wata mahaukaciyar guguwa mai suna Michael ta afka wa arewa maso yammacin jihar Fulorida. Gidajen da ta rushe kowa ya gani a talabijin. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne dajin da ke bayan garuruwan, inda kusan eka miliyan 2.8 na bishiyoyin katako suka lalace, wasu sun tumɓuke, wasu sun karye a tsakiya. An ƙiyasta asarar a kan dala biliyan 1.3. Kada ku ji daji ku ɗauka na gwamnati ne. A kudancin Amurka yawancin daji na mutane ne. Iyali su dasa bishiya su jira shekara 25 ko 30 kafin su sare su sayar, da kuɗin ake biyan karatun yara, da su tsoho ke hutawa.

Mai masara in ruwa ya cinye gonarsa, baɗi ya sake shuka, kuma galibi yana da inshora. Mai katako yawanci ba shi da ita. Ga shi icen da ya faɗi ba ya jiran kowa. Cikin 'yan watanni danshi da ƙwari sun ɓata shi, kowa na rububin sayarwa lokaci guda, farashi ya karye. Icen da ba a kwashe ba kuwa, sai ya bushe a wurin. A Maris ɗin 2022 gobara ta tashi a wannan yanki, kuma icen da Michael ta kayar shi ya ciyar da ita.

To, me gwamnati ke yi? Ma'aikatar Noma tana da hukumar da ke hulɗa da manoma, FSA, mai ofisoshi a gundumomi. Shirye-shirye biyu nake so ku riƙe. Na farko, ECP, tun dokar 1978 yake, na gonaki ne: kwashe tarkace, daidaita ƙasar da ruwa ya zaizaye, gyaran shinge, samar wa dabbobi ruwa lokacin fari. Na biyu, EFRP, dokar noma ta 2008 ce ta kawo shi, na masu ƙananan dazuka ne, ban da manyan kamfanonin katako. Gwamnati na ɗaukar har kashi 75 cikin 100 na kuɗin aikin, a shirin gonaki ma har kashi 90 ga masu ƙaramin ƙarfi, amma ba a wuce dala 500,000 ga mutum ɗaya a bala'i ɗaya.

Ku lura, kuɗin gyaran ƙasa ne. Babu wanda zai biya ka amfanin da ka rasa a nan, wannan yana da nasa shirin daban. Za ka kai rahoto, a zo a duba gonar da ido, kwamitin gunduma, wanda manoman yankin ne ke zaɓen mambobinsa, ya amince. Sai ka yi aikin, ka kawo rasit, sannan a mayar maka da kason gwamnati. Wanda ya yi gaggawa ya fara kafin a duba, yana iya rasa tallafin gaba ɗaya.

A nan nake da ja. Mutumin da guguwa ta yaye wa rufin ɗaki, ina zai samo kuɗin hayar katafila ya share eka ɗari, ya zauna jiran a biya shi? Mai hali shi ke fara cin moriyar shirin, alhali marar hali ya fi buƙata. An ɗan sassauta daga baya, ana ba da wani kaso tun farko, amma jiran yana nan. Bayan Michael sai watan Yunin 2019 majalisa ta amince da kuɗin agajin, wata takwas ke nan. Kafin nan yawancin icen ya riga ya tashi daga aiki.

Duk da haka akwai abin da ya kamata mu duba. Ambaliyar 2022 ta ci gonaki a Jigawa, musamman yankin Haɗeja. Abin da muka saba gani shi ne NEMA da hukumomin jiha su raba shinkafa, tabarma, iri da taki. Madalla, mai yunwa abinci yake nema. Amma manomin da yashi ya binne gonarsa, ko kwari ya tsaga ta biyu, in ka ba shi buhun iri, a ina zai shuka? Gyaran ƙasar kansa ba ya cikin lissafi. Kuma Amurkawa suna iya zuwa dubawa ne saboda gonar tana da lamba da taswira a ofis tun kafin ruwa ya zo. Mu kuwa sai bayan ambaliya ake fara rubuta sunaye, a ƙofar gidan mai unguwa.

Shugaban taro, na ga an ɗaga mini hannu lokaci ya yi. Bismillah, mai tambaya ya yi.