Wa Ke Ɗaura wa Sabuwar Ƙasa Rawani?

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Aboabo, Kumasi. Nasiru ne, ga Baba Malam Idrisu a damana, ga kuma Hajiya Rabi da ta baro rumfarta a kasuwar Kejetia don ta zauna da mu. Hajiya, ke kika kawo maganar yau.

Hajiya Rabi: Jikata ce ta kawo ta. Ranar 6 ga Maris, ranar bikin 'yancin Ghana, ta dawo daga faretin 'yan makaranta, ko takalmi ba ta cire ba, ta ce mini, "Mma, da Nkrumah ya tsaya ya ce Ghana ta 'yantu, wa ya ce masa an yarda?" Wallahi na rasa amsa. Na ce bari in kai wa Malam.

Malam Idrisu: Allah ya yi mata albarka, tambayar manya ta yi. Hajiya, in mutum ya shiga kasuwa ya sayi rawani da alkyabba, ya naɗa wa kansa, ya zama sarkin zango?

Hajiya Rabi: Ina! Sai jama'a sun yarda, dattawa sun naɗa shi, an kai shi Manhyia, fadar Sarkin Asante, an gabatar da shi.

Malam Idrisu: To ƙasa ma haka take. Ta kafa tuta ta rera take, wannan ikonta ne. Amma zama a majalisa tare da sauran ƙasashe, sai sun gyara mata wuri.

Nasiru: Baba, a gafarce ni, a nan masu shari'a sun rabu. Akwai yarjejeniyar Montevideo ta 1933, wadda ta ce ƙasa tana bukatar abu huɗu: jama'a mazauna, yanki sananne, gwamnati, da ikon hulɗa da wasu ƙasashe. Har ta ƙara da cewa samuwar ƙasa ba ta rataya a kan amincewar kowa ba.

Hajiya Rabi: A takarda ke nan, ɗana. Ni 'yar kasuwa ce. Ka kawo mini kuɗi sabbi fil, da hoton shugabanku a jiki, in mai sayar mini da kaya a Lome ba zai karɓa ba, me zan yi da su?

Malam Idrisu: Hajiya ta gama magana. Mu namu ya zo da sauƙi, don Ingila da kanta ta miƙa mulki. Baƙi suka cika Accra, har mataimakin shugaban Amurka Richard Nixon ya zo, Martin Luther King ma ya zo. Ranar 8 ga Maris 1957, kwana biyu kacal, Ghana ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. In kana son ka ga inda abin ya yi zafi, dubi Gini.

Nasiru: Ta Sekou Toure.

Malam Idrisu: Ita. A 1958 De Gaulle ya ba wa ƙasashen da Faransa ke mulka zaɓi: ku zauna a ƙarƙashin inuwarmu, ko ku tafi ku ga yadda za ku yi. Ranar 28 ga Satumba aka jefa ƙuri'a. Kowa ya ce e, Gini kaɗai ta ce a'a. Ranar 2 ga Oktoba ta zama ƙasa. Faransawa suka fusata, suka kwashe ma'aikatansu, suka tafi da abin da za su iya ɗauka, har wayoyin tarho na ofisoshi. So suke sauran su gani su ji tsoro. Ka ga jariri ne aka haifa, uwar gida ta ce ba mai ba shi ko ruwan zafi.

Hajiya Rabi: Subhanallahi. To wa ya tsaya musu?

Malam Idrisu: Mu. Ghana da ba ta cika shekara biyu ba. Nkrumah bai tsaya ga aika takardar taya murna ba, ya yi alkawarin rancen fam miliyan 10, kuma a Nuwamba 1958 aka ƙulla tarayyar Ghana da Gini. A Disamba Gini ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Ni a wurina wannan ita ce amincewa ta gaskiya, wadda ke zuwa da hannu a aljihu. Kuma zumuntar ba ta faɗi ƙasa ba. Da sojoji suka kifar da Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966, Conakry ya nufa, Sekou Toure ya karɓe shi, ya ba shi matsayin abokin shugabanci.

Hajiya Rabi: Alheri danƙo ne. Wannan kam zan gaya wa yarinyar. Amma Nasiru, shiga Majalisar nan, wa ke riƙe da makulli?

Nasiru: Ƙofa biyu ce, Hajiya. Ta farko Kwamitin Sulhu: a samu ƙuri'a 9 cikin 15, kuma kada ɗaya daga cikin manyan nan biyar, Amurka, Rasha, Sin, Ingila da Faransa, ta hau kujerar na-ƙi. Sannan babban zaure ya amince da kashi biyu bisa uku. Shi ya sa Falasɗinu, duk da ƙasashe fiye da 140 sun amince da ita, tun 2012 matsayin 'yar kallo take da shi. Ƙofar farko ce ba ta buɗu ba.

Hajiya Rabi: Ƙasa ɗaya ta hana abin da ɗari da arba'in suka yarda da shi. Wannan yana ci mini rai.

Nasiru: Ni ma, kuma akwai wanda ke damuna a nan gida Afirka. Somaliland ta ɓalle daga Somaliya ranar 18 ga Mayu 1991. Tana da gwamnati a Hargeisa, da kuɗinta, da sojojinta, an yi zaɓe shugaba ya sauka wani ya hau. Amma fiye da shekara 30 suka yi ba ƙasa ko ɗaya da ta amince da su. Sudan ta Kudu kuwa ta samu 'yanci ranar 9 ga Yuli 2011, ranar 14 ga wata ta zama ta 193 a Majalisar Ɗinkin Duniya, a Disamba 2013 ta faɗa yaƙin basasa. Baba, ina adalci a nan?

Malam Idrisu: Bambancin ɗaya ne: yardar gidan da aka fito. Khartoum ce ta fara amincewa da Sudan ta Kudu, bayan yarjejeniyar 2005 da ƙuri'ar raba gardama. Habasha ma ta saki Eritrea a 1993. Mogadishu kuwa ba ta saki Somaliland ba. Kuma shugabannin Afirka sun yi alkawari a Alƙahira a 1964 cewa iyakokin da aka gada ranar 'yanci ba za a taɓa su ba.

Nasiru: Iyakokin da Turawa suka zana.

Malam Idrisu: Su suka zana, kuma mun fi kowa sanin ciwonsu. Sun raba Bahaushen Katsina da na Maraɗi, sun raba Ewe tsakanin Ghana da Togo. Amma Nasiru, na ga zamanin Biyafara da idona, ina yaro muna kewaye rediyo. A nan Ghana, a garin Aburi, shugaban ƙasa na lokacin Janar Ankrah ya tara Gowon da Ojukwu a Janairu 1967 don a sasanta, abin bai ɗore ba. Ranar 30 ga Mayu Ojukwu ya ɓalle. Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti suka amince da shi, ƙasa biyar. Amincewar ba ta hana yunwa cinye yara ba, har aka kai Janairu 1970. Wanda ya ji wannan ba ya gaggawar cewa a buɗe maganar iyaka.

Nasiru: Na ji, Baba, amma ban gamsu duka ba. Somaliland fa ta taɓa zama ƙasa mai 'yanci, ranar 26 ga Yuni 1960, kafin ta haɗe da Somaliya ranar 1 ga Yuli. Iyakar da suke nema ita ce ta ranar 'yancin nasu.

Malam Idrisu: Hujjarsu tana da ƙarfi, ban musa ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne hana amincewa ma makami ne, kuma ya taɓa yi mana rana. Da Ian Smith ya ayyana 'yancin Rodeshiya ranar 11 ga Nuwamba 1965 don tsirarun farare su ci gaba da mulki, ba ƙasar da ta amince da shi, har aka haifi Zimbabwe a 1980. Ghana har yanke hulɗa ta yi da Ingila a kan wannan magana.

Hajiya Rabi: Ku kuna maganar shugabanni, ni hankalina yana kan mace irina a Hargeisa. Tana son ta je saro kaya, ko ta kai ɗanta asibiti a waje, ko ta yi Hajji. Ta miƙa fasfo a ce mata ba a san wannan ƙasa ba. Laifin me ta yi?

Nasiru: Da yawansu dole sai sun nemi fasfon Somaliya ko na wata ƙasa. Gwamnatinsu ma ba ta iya zuwa Bankin Duniya ta ci bashi da sunanta.

Malam Idrisu: Mu 'yan zango ba sai an fassara mana wannan ba. A ƙarshen 1969 aka fitar da dokar baƙi, aka ba marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Akwai maƙwabcinmu, mahauci, a nan Kumasi aka haife shi, a nan aka binne mahaifinsa. Ba shi da takardar nan, ba shi da ta can. Ina tsaye a ƙofar gida aka ɗora kayansu a babbar mota, matarsa ta miƙa wa mahaifiyata turminta ta ce ta ajiye mata, za su dawo. Turmin yana gidanmu har mahaifiyata ta rasu.

Hajiya Rabi: Allah ya jiƙanta. Ba a sake jin labarinsu ba?

Malam Idrisu: Wasiƙa ɗaya ta zo daga Sakkwato, bayan shekara biyu. Ya ce can ma Ɗan Ghana suke kiransa.

Nasiru: Allahu akbar. Ga kiran la'asar nan, jama'a, a nan za mu dakata. Hajiya, mako mai zuwa ki zo mana da jikar nan taki, ta zauna kusa da Baba ta yi tambayarta da bakinta.