Amsoshin Tambayoyinku: ƙaramar mota mai haɗa fetur da lantarki

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Kano, wanda ya ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 albashinsa a gidan mai yake ƙarewa, ga shi kuma an yi masa tayin wata ƙaramar mota 'yar Kwatano mai suna Prius c, wadda aka ce da fetur da lantarki take tafiya. Yana so ya san ko tsimin man da ake yi mata kirari da shi gaskiya ne.

To Malam, gaskiya ne, amma ya danganta da inda za ka riƙa hawanta. Kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan a 1997, sannan a ƙarshen 2011 ya fito da wannan ƙanwar tata, wadda ake kira Aqua a Japan, a Amurka kuma Prius c. Tana da injin fetur mai lita 1.5, da injin lantarki, da babban batir a ƙarƙashin kujerar baya. Ba a jona ta da wuta, saboda haka ɗaukewar lantarki ba ta shafe ka ba. Injin fetur ne yake cika batirin, haka kuma duk lokacin da ka taka burki, ƙarfin da a sauran motoci yake zama zafi ya tafi a banza, ita mayar da shi take yi caji. Idan ka tsaya a danja sai injin ya yi shiru, har wanda bai saba ba ya zaci ta mutu ya kai hannu zai sake tayarwa, alhali da ya ɗaga ƙafa daga burki za ta sulale ba ƙara.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna mata kimanin kilomita 21 a lita ɗaya, yayin da Corolla mai lita 1.8 ta wancan zamani take yin kimanin 12. Mai yin kilomita 40 a rana zai sha ƙasa da lita biyu ke nan maimakon uku da ɗoriya, wato rarar kusan lita 40 a wata. Sai dai wannan awo na sabuwar mota ne a titin Amurka, don haka kada ka ɗora lissafinka kacokan a kansa. Kuma a cunkoson cikin gari, inda ake tafiya ana tsayawa, ta fi nuna bajinta. A doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Abuja injin fetur ne yake ɗaukar kusan dukan aikin, tsimin ya ragu, kuma idan ka cika ta da mutane za ka ji tana nishi wajen wuce tirela.

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi shi kuma cewa ya yi an tsorata shi da batun batir, wai zafin ƙasarmu kashe shi yake yi. Alhaji, wannan tsoro yana da tushe, kuma a ganina mai sayen tsohuwar irin wannan mota batir yake saye kafin komai. Batirin jeri ne na ƙanana guda 20 waɗanda jimillarsu ta ba da ƙarfin wuta bolt 144, kuma garantin da aka sayar da shi a Amurka shekara takwas ne, wanda ya riga ya ƙare wa mota ƙirar 2012 ko 2014. Iskar cikin mota ce take sanyaya shi, ta wata 'yar kafa da ke gindin kujerar baya, inda fanka take zuƙa. Ƙurar hunturu tana toshe wannan fanka, haka ma buhu ko jaka idan aka jingina a bakin kafar, daga nan sai batirin ya riƙa aiki cikin zafi, ƙarfinsa yana zagwanyewa a hankali. Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka sa bakaniken da yake da na'urar gwaji ya jona ta, ya duba ko ƙananan batiran ƙarfinsu ya zo daidai da juna. Ka kuma hau ka zagaya, idonka a kan ma'aunin caji: idan yana cika nan da nan ya kuma zube nan da nan, batirin ya gaji. Canza ƙwaya ɗaya da ta mutu, kamar yadda wasu suke yi don sauƙin kuɗi, faci ne kawai, domin sauran ma tsufansu ɗaya.

Abu biyu kada a bari bakaniken da bai san ta ba ya taɓa. Wayoyi masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da za ta iya kisa. Na'urar sanyaya cikin motar kuma da lantarki take juyawa, tana da nata mai na musamman, kuma zuba mata na sauran motoci yana lalata ta.

Ku kuma lura da sitiyari. Aqua ta Japan a dama yake, alhali Nijar da Najeriya hannun dama ake bi, ita Najeriya tun 1972, kuma dokarta ba ta yarda da irin wannan mota ba. Wadda aka sauya wa sitiyari ban ba da shawarar a saya ba. A nemi Prius c ta Amurka, ko Yaris Hybrid da aka ƙera a Faransa tsakanin 2012 da 2020, wadda injinsu iri ɗaya ne.

A ƙarshe wata ma'aikaciyar jinya daga Gusau ta tambaya ko za ta ɗauke ta da 'ya'yanta huɗu zuwa ƙauye. Hajiya, kujerun na mutum biyar ne, amma bayan a matse yake, wurin kaya kaɗan ne, kuma tsakanin cikinta da ƙasa bai wuce santimita 14 ba. Zuwa asibiti da kai yara makaranta za ta yi miki, amma hanyar ƙauye mai yashi da kwazazzabai a damina ba tata ba ce.