Ranar da alƙalin Alabama ya buɗe Baibul a kan firizar asibiti

Jama'a masu saurare barkanmu da warhaka. Yau Amurka za mu leƙa, ƙasar da kullum ake ce mana ta raba addini da gwamnati, coci daban fadar mulki daban. Toh a takarda haka ne, amma ku bari in ba ku labarin jihar Alabama sai ku yanke hukunci da kanku.

A shekarar 2020 a wani asibiti a garin Mobile, wani majinyaci ya kutsa ɗakin da ake ajiye ƙwayayen haihuwa, wato waɗanda likitoci suka haɗa na miji da na mata a waje suka daskarar kafin a dasa wa matar, abin da ake kira IVF. Mutumin ya sa hannu ya ɗauko, sanyin wurin irin mai ƙona fata ne, sai ya saki suka faɗi ƙasa suka lalace. Ma'aurata uku suka kai ƙara, kuma wallahi duk wanda ya san zafin neman haihuwa, ya san matar da ta shekara goma ana mata gori a gidan miji, ba zai ga laifinsu ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne hukuncin. A watan Fabrairun 2024 kotun ƙolin jihar ta ce ƙwan nan da ke cikin firiza yaro ne a idon doka, ta dogara da wata tsohuwar doka ta 1872 kan mutuwar ƙananan yara. Babban alƙalin kotun a lokacin, Tom Parker, shi ko ɓoye-ɓoye bai yi ba, ya jawo ayoyi daga Littafin Farawa da na Irmiya a cikin rubutunsa, harda maganar fushin Ubangiji. Kafin ka ce kwabo manyan asibitocin jihar sun dakatar da aikin, ciki har da na jami'ar Alabama da ke Birmingham, saboda wane likita ne zai yarda ƙwai ya lalace a hannunsa a ce ya kashe rai? Mata da suka sha allurai na makonni, suka zuba dubban daloli, aka buga musu waya aka ce su dakata.

Wannan abu ba rana ɗaya ya faro ba. Tun 1979 da fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, Kiristoci 'yan bishara masu tsattsauran ra'ayi suka gane cewa wa'azi kaɗai ba zai kai su ba, sai da ƙuri'a, sai da alƙalai. Suka mara wa Ronald Reagan baya a zaɓen shugaban ƙasa na 1980, suka yi ta haƙuri shekara arba'in. A 2016 kusan kashi 80 cikin ɗari na fararen fatarsu Trump suka zaɓa, mutumin da ba wanda zai ce masa mai ibada, amma ya musu alkawarin alƙalai kuma ya cika, uku ya naɗa a kotun ƙolin ƙasa. A Yunin 2022 kotun ta soke hukuncin Roe na 1973 da ya halatta zubar da ciki, ta mayar wa jihohi wuƙa da nama.

Na san da yawanmu za su ce ai gara haka, mu ma ba ma goyon bayan zubar da ciki. Na ji, ni ma ba kare shi na zo yi ba. Abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda aƙidar take lanƙwasa in ta taɓa masu jefa ƙuri'a. Ko wata ɗaya ba a yi ba da hukuncin Alabama, 'yan majalisar jihar, yawancinsu 'yan Republican masu zuwa coci duk Lahadi, suka yi sauri suka zartar da dokar kare asibitocin, gwamna Kay Ivey ta sa hannu a farkon Maris, Trump ma ya fito ya ce shi yana tare da IVF. Toh ƙwan ya daina zama yaro kenan? Ba su ce ba. Sun dai ga cewa masu neman haihuwar nan 'ya'yansu ne da 'yan cocinsu, kuma shekarar zaɓe ce.

Sannan ga wata. Alabama ɗin nan da maƙwabciyarta Mississippi suna cikin jihohi goma da har yau suka ƙi faɗaɗa inshorar lafiyar talakawa ta Medicaid a ƙarƙashin dokar Obama ta 2010, alhali suna sahun gaba a mutuwar jarirai a duk Amurka. Ƙwai a firiza yana da lauya, jaririn talaka da aka riga aka haifa sai dai uwarsa ta san yadda za ta yi.

Kuma kar wani ya ce ina ruwanmu. Akwai wata ƙa'ida da Reagan ya fito da ita a 1984, ana ce mata manufar Mexico City, wadda ta hana tallafin Amurka ga ƙungiyoyin waje da ke zubar da ciki ko ba da shawara a kansa ko da da kuɗinsu ne. Ɗan Democrat ya hau ya cire, ɗan Republican ya hau ya mayar, Trump ya faɗaɗa ta a 2017 ta shafi kusan duk tallafin lafiya, Biden ya cire a 2021, Trump ya sake dawo da ita a Janairun 2025. Adalci dai a faɗa, waɗannan 'yan bisharar suna cikin waɗanda suka goya wa Bush baya ya kafa PEPFAR a 2003, shirin da ya kawo maganin ƙanjamau kyauta asibitocinmu a Najeriya. Hannun da ya miƙo maganin shi ne kuma ke gindaya sharaɗi, ya danganta da wanda ya ci zaɓe a Washington.

Lokaci ya ja, sai a saurare mu bayan labaran duniya.