Ƙura, kabu-kabu da farar shaddar Sani

Lawali: Jama'a sannunku da jira. Mun makara, kuma wanga karon ba laifina ba ne. Rabi, gaya masu.

Rabi: Kamiyo ne ya mace a bakin babbar kasuwar Maradi, Yaya Lawali, cike da buhunan siminti. Adaidaita ta gaba, amalanken jaki ta baya, 'yan kabu-kabu kowa na neman kafar da zai kutsa. Na fi rabin awa a wuri guda, hayaƙin salansa na shiga mini hanci.

Lawali: To kun ji. Abin da masu sauraro kuke ta turo mana a WhatsApp ke nan duk makon nan, cunkoso da ƙurar gari. Ni dai abin da nake cewa, garin ne ya yi wa rigarsa girma. Ku tuna fa, Maradin kakanninmu a cikin kwari take, bakin Gulbi, sai da ruwan 1945 ya cinye ta aka hau tudu aka yanka tituna. Ƙidayar 2012 ta ce mun haura mutum dubu 260. Yau kuwa? Gonakin gero da muke zuwa kamun fara muna yara duk sun koma filaye, an yi gini. Yamma Gulbi ya tare, sai gari ya miƙe ta sauran ɓangarorin. Mutum yana kwana can ƙarshen unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo, amma abincinsa na kasuwa. Safiya na yi, kowa wuri guda ya nufa.

Sani: Kuma babu bas na cikin gari da za ka dogara da ita.

Lawali: Shi ne kowa ya samu jika kaɗan sai ya sayi moto. Ga manyan motocin da ke bin hanyar Yamai zuwa Damagaram, ga masu fitowa daga Jibiya ta Ɗan Isa...

Rabi: Yaya, ni hayaƙi bai dame ni kamar ƙura ba. Layinmu yashi ne zalla. Moto ɗaya ta wuce, sai ka ga mai tuyar ƙosai ta yi sauri ta rufe tire da zane. Lokacin hunturu kuma abin biyu ne, ga hazon da iska ke kawowa daga arewa, ga wadda muke tayarwa da ƙafarmu. Ɗana ƙarami tari yake tun farkon sanyi, da dare ƙirjinsa har fito yake. Sannan da magariba a cinna wa bola wuta, leda na ci, warin ya shigo har ɗaki.

Sani: Ni ranar Juma'a na gane kurena.

Lawali: A'a, shaddar! Ba mu labarin shaddar!

Sani: Fara ƙal, sabon ɗinki, wata biyu tela na yi mini yawo da hankali. Na hau kabu-kabu zuwa masallaci. Kafin mu isa ta koma ruwan ƙasa.

Rabi: An ce wani dattijo ya tambaye ka ko daga gona kake.

Sani: Ƙarya ake mini. Cewa ya yi, "Yaro, yaya mutanen Tibiri?"

Lawali: Ashe ma ya ɗauka a ƙasa ka tako kilomitocin nan! To ka godewa Allah, wasu kuɗi suke biya a marina a canza masu launi, kai kyauta aka yi maka.

Sani: Mai wanki bai ce kyauta ba.

Rabi: Ka mayar wa telan, ka ce ba wannan launin ka zaɓa ba.

Lawali: Wata biyu kuma? Sai dai ya sa ta da babbar Salla. Kai, mu koma. Mi nake cewa? Gudron. Lokacin Maradi Kwalliya, shirin ƙawata gari na 2015, an shimfiɗa tituna, ba wanda zai musa, gari ya yi kyau. Amma gudron yana kan manyan hanyoyi, unguwannin da aka yanka daga baya kuwa sai yashi. Kuma inda aka yi shi ma, damina ɗaya ta kwaso rairayi ta zuba a kai, 'yan tebur su cinye gefe, masu ruwa-ruwa su jera kwalabe, hanya ta koma rabi.

Rabi: Man kwalaben nan ma ai yana da hannu. Wani a gauraye yake, inji tsoho, sai baƙin hayaƙi.

Sani: Jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi fa? Tun 2021 aka aza tubalinsa. In ya iso ba zai rage kamiyo ba?

Lawali: Zai rage su a hanyar Katsina. Amma kayan da ya sauke, da mi za a kai su kasuwa? A ka?

Rabi: Yaya, mun yi alkawarin karanta shawarwarin masu sauraro, har guda biyar na rubuto.

Lawali: Ga shi an fara kiran la'asar, wayar Sani kuma caji ya kusa ƙarewa. Karanta ɗaya da sauri.

Rabi: Wata baiwar Allah daga Bagalam ta ce a hana manyan motoci sauke kaya da rana, sai dare.

Lawali: Ta yi gaskiya. Sauran sai mako mai zuwa. Sani, ka zo da baƙar riga.