Me Ya Faru Kafin Ihun? Aikin Masanin Nazarin Ɗabi'a a Cikin Gida

Jama'a, assalamu alaikum.

Ga yaro ɗan shekara huɗu. Da an karɓe waya daga hannunsa sai ya zube ƙasa, birgima, ihu, har da buga kai. Uwa ta gaji, ta miƙa masa wayar, ya yi tsit. Gida ya huta. To amma me yaron ya koya? Ya koyi cewa birgima ce kuɗin waya.

Irin wannan ne masanin nazarin ɗabi'a yake zuwa dubawa. Iliminsa ya samo tushe daga binciken B. F. Skinner na Jami'ar Harvard, sannan a 1968 malamai uku a Jami'ar Kansas, Baer da Wolf da Risley, suka shimfiɗa ƙa'idojin amfani da shi a rayuwar yau da kullum. A Amurka, kafin mutum ya sami shaidar BCBA, wato takardar ƙwarewa a wannan aiki, sai ya yi digiri na biyu, ya yi aiki na awa 1,500 zuwa 2,000 a ƙarƙashin wani gwani, ya kuma ci jarrabawar hukumar da aka kafa a 1998. Yawancinsu da yara masu galahanga, wato autism, suke aiki.

Idan ya shigo gida, ba da wa'azi yake farawa ba. Zama yake yi ya zuba ido. Me ya faru kafin abin? Mene ne ainihin abin da yaron ya yi? Me ya biyo baya? Yana neman ribar da yaron ke samu, kuma galibi ɗaya ce cikin huɗu: a kula shi, ya kuɓuce wa abin da ba ya so, ya sami wani abu, ko kuma jikinsa ne ke jin daɗin motsin. Na kirki kuma zai fara tura ku wajen likita, domin wani buga kan ciwon kunne ne ko haƙori a wurin yaron da bakinsa bai buɗe ba.

Da an gano ribar, sai a koya wa yaro hanya mafi sauƙi ta samunta. Kalma ɗaya, ko nuni, ko hoto. Ya nuna hoton waya, a ba shi nan take. Ya yi birgima, a tsare shi kada ya ji ciwo, amma waya ba ta fitowa. Masu bincike biyu, Carr da Durand, ne suka bayyana wannan dabara a 1985.

A nan fa ake yin ta. Kwanakin farko ihun yakan ƙaru, domin yaro yana gwada ko tsohuwar hanya na nan. Idan uwa ta daure amma kaka ta ce “haba, ku ba shi mana”, an koma gidan jiya, har ma an koya masa ya ƙara ƙarfi. Shi ya sa ake zama da duk mai hannu a renon, har yayye.

Akwai suka, kuma tana da tushe. Tsarin horar da yara na masani Lovaas na 1987 ya kai awa 40 a mako, kuma wasu manya masu galahanga sun ce an horar da su ne kawai su yi kama da kowa. A ganina, shirin da ya fi ƙarfin uwa mai girki, mai sana'a, mai goyo, bai amfana komai ba ko da ya yi kyau a takarda. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2015, kan yara 180, ya nuna koya wa iyaye dabarun cikin mako 24 ya fi rage rigima a kan yi musu bayanin lalurar kawai.

Don haka aikin gida na farko ƙarami ne. Ɗabi'a ɗaya tak, takarda mai gida uku, mako guda: kafin, lokacin, bayan. A liƙa ta kusa da madafi inda hannu zai kai.